Zaɓen Girman Taya Da Wili Da Ya Dace Da Mota: Bayani Ga Jama'ar Zakirai Da Kewaye

GABATARWA

Garin Zakirai shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, wadda ke iyaka da Jihar Jigawa. Yanki ne mai yawan jama'a, gona na jikin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Abin da ake nomawa, gero da dawa da gyaɗa da wake, a kan taya yake fita zuwa kasuwannin Gezawa da 'Yankaba da Dawanau. A kan taya kuma ake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Mun shirya wannan bayani ne saboda wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin masu motoci, musamman matasa, ta cire wilin da mota ta zo da shi a sa babba mai siririyar taya irin ta motocin tsere. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu motocin haya da ke ɗaura duk tayar da ta shiga wili, matuƙar ta yi araha. Duka biyun kuskure ɗaya ne, wato zaɓen taya ba tare da duba ma'auni ba. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, girman da ya dace da mota shi ne wanda kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta. Duk wani sauyi da za a yi, yana da ƙa'idar da za a iya lissafawa da biro da takarda kafin a fitar da kuɗi.

1. INDA AKE SAMUN GIRMAN DA YA DACE

Kada mai mota ya dogara da tayar da ya tarar a jikin motar, domin mafi yawan motocinmu na hannu ne, sun ratsa ta wurin mutane da dama kafin su zo mana. Akwai wurare uku da ake samun girman asali. Na farko, 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda ake gani idan an buɗe ƙofar. Na biyu, cikin murfin tankin mai, kamar yadda yake a motocin Volkswagen da Mercedes da yawa. Na uku, littafin da ya zo da motar.

Wannan takarda tana nuna girman taya, da yawan iskar da za a ba tayoyin gaba da na baya, lokacin da motar ba kaya da lokacin da ta cika. Wasu motocin an yarda musu girma biyu ko uku. Duk wanda aka zaɓa daga cikinsu daidai ne.

2. YADDA AKE KARANTA RUBUTUN JIKIN TAYA

Bari mu ɗauki tayar da ake yawan gani a jikin Toyota Corolla da Peugeot 406, wadda aka rubuta wa 195/65 R15 91H.

Lamba 195 faɗin taya ne da milimita, daga gefe zuwa gefe.

Lamba 65 tana nuna tsayin gefen taya, amma ba da milimita ba. Kashi ne cikin ɗari na faɗin. Kashi 65 cikin ɗari na 195 shi ne milimita 127, idan an cike. Wannan shi ne tsayin robar da ke tsakanin bakin wili da ƙasa.

Harafin R yana nufin saƙar cikin tayar irin ta zamani ce, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a shekarar 1946. Tayoyin tsohuwar saƙa ana raba lambobinsu da ɗan layi, kamar 7.50-16.

Lamba 15 girman wilin da tayar za ta hau ne, da inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne.

Lamba 91 alama ce ta nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. Ba kilo 91 ake nufi ba, akwai jadawalin da ake dubawa. Ga kaɗan daga ciki: 82 kilo 475 ne, 88 kilo 560, 91 kilo 615, 95 kilo 690, 102 kilo 850, 107 kilo 975, sai 110 kilo 1,060.

Harafin H kuma alama ce ta iyakar gudun da tayar za ta jure. R na nufin kilomita 170 a awa, S 180, T 190, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. Wannan ba izinin gudu ba ne. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a kan babbar hanya, sannan a kan tagwayen hanyoyi 100 ga motocin gida, 90 ga tasi da bas. Amfanin harafin a wurinmu shi ne, tayar da aka gina don gudu mai yawa ta fi jure zafi.

Idan aka ga harafin C bayan girman wili, kamar 195 R15C, tayar ta motocin ɗaukar kaya da fasinja ce. Idan aka ga XL, taya ce ta ƙaramar mota da aka ƙara wa ƙarfi.

3. MA'AUNAN WILI

Mutane da yawa suna zaton da zarar ramukan wili sun yi daidai da yawan kusoshin mota, shi ke nan. Ba haka ba ne. Akwai abubuwa biyar da ake dubawa.

Na ɗaya, girmansa da inci. Dole ya zama daidai da lambar da ke jikin taya, ba ƙari ba ragi. Akwai wili mai inci 17, akwai mai 17.5 na ƙananan motocin kaya. Tilasta taya a kan wilin da ba nata ba yana iya sa ta fashe a fuskar mai faci yayin ba ta iska.

Na biyu, faɗinsa. A bayan wili ana samun rubutu kamar 6Jx15, ma'ana faɗinsa inci 6 ne, girmansa inci 15. Taya 195/65 tana zama lafiya a kan wili mai faɗin inci 5.5 zuwa 7. Idan wili ya yi mata faɗi, gefenta zai miƙe, bakin wilin ya fito fili. Idan ya yi mata ƙunci, tsakiyarta za ta tashi ta cinye da wuri.

Na uku, tsarin ramuka. Ana rubuta shi da lambobi biyu, yawan ramuka da faɗin da'irar da suke kai da milimita. Golf 3 ta gama-gari 4x100 ce. Peugeot 406 4x108 ce, tsohuwar 504 kuma 4x140. Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008 5x100 ce. Sharan da Mercedes 5x112, Camry 5x114.3, Hilux kuma 6x139.7. A lura da 5x112 da 5x114.3. Bambancinsu bai kai milimita biyu da rabi ba, ido ba ya gani, kuma da ƙarfin sifana noti zai shiga. Amma kusoshin za su zauna a karkace, su riƙa gajiya har su karye ɗaya bayan ɗaya, taya ta fice motar na tafe.

Na huɗu, ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar ƙafar mota. Na Corolla milimita 54.1 ne, na Golf 57.1. Saboda haka ko da Corolla da Golf 4 sun yi tarayya a 5x100, wilin Corolla ba zai shiga Golf ba, na Golf kuma zai yi wa Corolla yawa, sitiyari ya riƙa rawa idan an ɗauki gudu.

Na biyar, zurfin wili, wanda ake rubutawa da ET da lamba, kamar ET45. Shi ne ke nuna ko tayar za ta shige ciki ko ta fito waje. Idan ta shige da yawa za ta gogi shokazoba ko birki. Idan ta fito da yawa za ta gogi madigadi, ta kuma ɗora wa boris nauyin da ba a tsara masa ba, ya mutu kafin lokacinsa.

Haka kuma notin wilin ƙarfe ba kullum yake dacewa da wilin alminiyom ba, wanda direbobi ke kira aloyi, domin mazaunin noti ya bambanta. Duk wanda ya sayi wili, ya tabbata ya karɓi notinsa.

4. ASALIN BABBAN WILI DA SIRIRIYAR TAYA

Siririyar taya ba don ado aka ƙirƙire ta ba. Ta fara yaɗuwa a shekarun 1970, lokacin da kamfanin Pirelli na Italiya ya fito da tayar P7 wadda aka ɗaura wa motoci masu gudu irin su Porsche 911 Turbo. Irin waɗannan motoci suna buƙatar manyan farantan birki, shi kuwa babban birki sai cikin babban wili. Sannan gajeren gefen taya ba ya lanƙwasa sosai a kwana, don haka mota ta fi bin sitiyari da sauri. Ko gasar tseren Formula 1 sai a shekarar 2022 ta bar wili mai inci 13 ta koma mai inci 18.

Sai dai duk wannan amfani yana samuwa ne a kan kwalta mai santsi wadda ba rami. Masu tseren da kansu, idan hanya ta canza, sukan canza taya. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a watan Disamba na 1978, ta sha ratsawa ta Agadas a Jamhuriyar Nijar, kafin a mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Motocin da ke shiga wannan gasa tayoyi masu tsayin gefe suke ɗaurawa, saboda yashi da duwatsu. Ita ma Peugeot 504 da iyayenmu suka sani, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, a wannan shekarar ta lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya, kuma mota ce mai wili inci 14 da taya mai kauri.

Hanyoyin da ke haɗa ƙauyukanmu sun fi kama da na Safari fiye da filin tseren Turai. Akwai burji mai kunya-kunya, akwai burtali mai yashi tsakanin gonaki, akwai zaizayar da ruwan Agusta ke bari, da ƙaya da tushiyar kara bayan girbi. A irin wannan hanya, gefen taya shi ne matashin farko da ke shanye duka kafin ya kai ga shokazoba. Taya 195/65 R15 tana da gefe milimita 127. Taya 225/40 R18 tana da milimita 90 kawai. Idan ta faɗa rami, bakin ramin zai matse robar a jikin wili, zaren ciki ya tsinke, gefen ya yi ƙulu. Tayar da ta yi ƙulu a gefe ba ta da faci, sai dai a yar. Shi kuma wilin alminiyom yakan tsage, alhali na ƙarfe lanƙwasa yake yi, maƙeri ko mai faci ya buga shi ya miƙe. Bugu da ƙari, faffaɗar taya ta fi shan mai, ta fi tsada, kuma da wuya a same ta a wajen birni. Wanda tayarsa mai inci 18 ta fashe a ƙauye da dare, sai ya jira gari ya waye ya aika Kano.

5. ƘA'IDAR SAUYA GIRMA

Wani lokaci girman asali yakan yi wuyar samu, ko mai mota ya so ya ɗan ɗaga ta daga ƙasa. Ƙa'idar da masu sana'ar taya ke bi ita ce, tsayin taya gaba ɗaya kada ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. Ga yadda ake lissafin: a nemo tsayin gefe, a ninka shi biyu, a haɗa da girman wili bayan an mayar da shi milimita.

Ga 195/65 R15, gefe biyu sun ba da 253.5, wili ya ba da 381, jimla milimita 634.5. Da wannan za a auna sauran:

205/55 R16 tana da tsayin 631.9. Ta yi daidai, amma gefenta ya ragu zuwa milimita 113.

225/45 R17 tana da tsayin 634.3. Ta yi daidai a lissafi, amma gefenta milimita 101 ne, bai dace da burji ba.

205/65 R15 tana da tsayin 647.5, ƙarin kashi 2 cikin ɗari. Tana cikin ƙa'ida, kuma tana ɗaga mota da kimanin milimita 6 zuwa 7.

205/70 R15 tana da tsayin 668, ƙarin fiye da kashi 5 cikin ɗari. Ta wuce ƙa'ida.

215/35 R18 tana da tsayin 607.7, ragin fiye da kashi 4 cikin ɗari. Ta wuce ƙa'ida, ta kuma sauke cikin mota kusa da ƙasa.

Ga mai Golf 3 kuma, 175/70 R13 da 185/60 R14 da 195/50 R15 duk tsayinsu ɗaya ne kusan, tsakanin milimita 575 da 578. Amma gefen ta farko milimita 122 ne da rabi, na ta ƙarshe 97 da rabi. A hanyar karkara ta farkon ta fi.

Dalilin wannan ƙa'ida shi ne, agogon gudu da na ƙidayar tafiya zagayen taya suke ƙirgawa. Idan taya ta fi ta asali tsayi da kashi 5 cikin ɗari, agogo zai nuna 80 alhali motar tana gudun 84, ya nuna 100 alhali tana 105. Motar za ta yi nauyin tashi, birki ya ƙara wahala, na'urar hana birki kullewa kuma ta rikice idan tayoyin ba tsayinsu ɗaya ba. Bayan an ɗaura sabon girma, a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a kuma loda wa motar kaya a duba ko akwai inda take gogawa.

Har wa yau, tayoyi biyu da ke kan ƙafa ɗaya, gaba ko baya, dole su zama girma ɗaya da saƙa ɗaya. Kada a haɗa mai alamar R da ta tsohuwar saƙa. Motar da ke ja da ƙafa huɗu kuwa, duk tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya, in ba haka ba giyarta za ta lalace. Idan biyu kawai aka iya saya, a sa sababbin a baya, domin idan baya ya zame a kan jiƙaƙƙiyar hanya, direba ba shi da yadda zai yi da sitiyari.

6. NAUYI: JAN HANKALI GA MOTOCIN HAYA

A nan ne hatsarin ya fi girma, domin rayuka da yawa ne a ciki. Bas ƙirar Hiace tana zuwa da taya irin 195 R15C, mai alamar nauyi wajen 106 ko 107. Taya mai alamar 107 tana ɗaukar kilo 975, guda huɗu kilo 3,900. Tayar Corolla 195/65 R15 91H ita ma za ta hau wili mai inci 15, kuma ta fi araha, amma kilo 615 take ɗauka, guda huɗu kilo 2,460.

Bas ɗin kanta ba kowa a ciki ta kusa tan biyu. Idan muka ɗauka ta kwashi mutum 18, kowanne kilo 65, an ƙara kilo 1,170, an haura tan uku ke nan tun ba a ɗora buhu ko ɗaya ba. Buhunan hatsi biyar masu kilo 100 za su ƙara rabin tan, kuma mafi yawan wannan nauyi a kan tayoyin baya yake sauka. Tayar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta tana lanƙwasa fiye da kima a kowane zagaye, ta yi zafi, roba ta rabu da wayar ciki, ta fashe ba tare da gargaɗi ba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka, abin ya fi saurin faruwa.

Saboda haka ƙa'ida ita ce, alamar nauyi za ta iya fin ta asali, amma kada ta gaza. Wannan ya shafi Sharan da ake loda wa fasinja da kaya, wadda ke buƙatar taya mai ƙarin ƙarfi, da akori-kura irin Hilux, wadda da yawa daga masu wilin ƙarfe ke zuwa da 205 R16C. Tayar da aka rubuta wa lambobi biyu, kamar 110/108, ta farkon ta taya tilo ce, ta biyun kuma ta lokacin da aka jera tagwaye a baya.

7. BABUR, ADAIDAITA SAHU, TARAKTA DA AMALANKE

A ƙauyukanmu babur ya fi mota yawa. Girman tayarsa ana rubuta shi da inci, kamar 2.75-17 ko 3.00-17 a Bajaj Boxer, ko 2.50-18 da 2.75-18 a wasu baburan. Lamba ta farko faɗi ce, ta biyu girman wili. Taya mai 17 ba ta hawa wili mai 18. Shi ma tiyub yana da girmansa a rubuce. Babban tiyub a ƙaramar taya yakan naɗe ya tsage, ƙarami a babbar taya kuma yakan miƙe ya yi siriri. Sa wa babur tayar baya mai faɗi fiye da kima yana sa ta gogi sarƙa.

Adaidaita Sahu tana amfani da 4.00-8. A nemi mai yawan saƙa, wanda ake nunawa da lamba da haruffan PR, kamar 6PR, idan ana ɗaukar kaya da ita.

Tarakta irin Massey Ferguson 375 tana zuwa da 7.50-16 a gaba, 16.9-30 a baya. Haƙoran tayar baya suna da fuskar da suke kallo, akwai kibiya a gefe, idan aka juya su taraktar za ta riƙa tono a wuri ɗaya. Tarakta mai ja da ƙafa huɗu an lissafa girman gaba da na baya tare, ba a sauya ɗaya a bar ɗaya.

Amalanken shanu kuwa, da ake haɗawa da tsohuwar ƙafar mota, abin lura shi ne tayoyin biyu su zama tsayi ɗaya. In ɗaya ta fi, kaya zai karkata, karkiya ta ci wuyan sa ɗaya.

8. SHEKARUN TAYA DA TAYOYIN BELJIYAM

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kasuwar taya ta koma dogaro da na shigowa, masu kyau da marasa kyau. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su, amma duk da haka ana ganin su a kasuwa da sunan Beljiyam.

Kowace taya tana ɗauke da ranar ƙera ta. A nemi rubutun da ya fara da DOT, a duba lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobi uku ne kawai, an yi tayar kafin shekarar 2000. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi cewa shekara huɗu daga ranar ƙira ne wa'adin taya a yanayinmu. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, musamman wadda aka ajiye a rana. A guji tayar da aka kankare lambarta ko aka sake sassaƙa mata zane da wuƙa.

Yawancin manyan wili da siraran tayoyin da matasa ke saya daga cikin irin wannan kaya suke fitowa. Wasu an yi su ne don lokacin ƙanƙara a Turai, ana gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Robarsu an haɗa ta don sanyin da ya gaza digiri 7, a zafinmu tana laushi ta cinye da sauri. Wasu tayoyin kuma suna ɗauke da darajar jure zafi, A ko B ko C, a gaban kalmar TEMPERATURE. A ce mafi kyau, kuma ita muke ba da shawarar a nema, ko aƙalla B.

Cikin kwarin zanen taya akwai 'yan tuddai da aka yi don aune. Idan zanen ya cinye ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta suɗe. Da damina ya kamata a canza tun kafin a kai nan. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a batun taya kuwa araha tana iya cin rai.

9. ISKA DA ƊAURI

Taya mai girma daidai ba ta da amfani idan iskarta ba daidai ba ce. Ƙananan motoci yawanci suna buƙatar tsakanin 30 da 35 a ma'aunin psi, bas da akori-kura fiye da haka, tayar bayan tarakta kuma ƙasa da haka. Lambar da ke jikin ƙofa ake bi. Wadda ke jikin taya iyaka ce da ba a so a wuce, ba ita ce abin aiki ba. A auna da geji, ba da dukan ƙarfe ko naushi ba, kuma da safe kafin a fara tafiya. Kada a rage iska don an ga ta ƙaru bayan doguwar tafiya, zafi ne ya ɗaga ta, za ta koma. Wanda ya rage iska don fita daga yashi, ya mayar da ita kafin ya hau kwalta.

A ɗaure noti a gicciye, ba a jere ba, kuma kada a hau sifana da ƙafa ana tsalle. A sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Duk sabuwar taya a yi mata balansin. 'Yar siririyar safaya da ke zuwa da wasu motoci ta kai mutum wurin mai faci ce kawai, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.

10. GA JAMI'AN ƘANANAN HUKUMOMI DA SHUGABANNIN AL'UMMA

Muna ba jami'an da ke kula da motocin hukuma shawarar cewa duk takardar odar taya ta ƙunshi cikakken bayani: girma, alamar nauyi, harafin gudu, da sharaɗin cewa ranar ƙira ba ta wuce shekara ɗaya ba. Rubuta "taya inci 15 guda huɗu" kawai yana buɗe wa ɗan kwangila ƙofar kawo ta ƙaramar mota a ɗaura wa motar ɗaukar marasa lafiya. Ma'ajin kaya ya duba lambar DOT ta kowace taya, ya rubuta ta a littafi kafin ya sa hannu.

Haka kuma a sani cewa sauya tsayin taya yana ɓata lissafin littafin tafiye-tafiye. Motar da aka sa wa taya mai ƙarin kashi 5 cikin ɗari za ta nuna kilomita 1,000 alhali ta yi 1,050, lissafin mai da lokacin juyen baƙin mai duk su goce.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha suna iya duba tayoyin kowace mota kafin a ba ta layi. Dagatai da masu unguwanni da limamai kuma suna iya isar da wannan saƙo a wuraren taro. Shi ma fasinja yana da haƙƙin ya zagaya ya dubi tayar motar da zai shiga, ya fasa idan ya ga ƙulu ko waya a fili. Idan hatsari ya auku, lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

KAMMALAWA

Kafin a sayi taya ko wili, a duba takardar jikin ƙofa, a kwafe lambobin a tafi da su kasuwa. Idan za a sauya girma, a yi lissafin kashi 3 cikin ɗari, a tabbata alamar nauyi ba ta ragu ba, a gwada tsarin ramuka da ramin tsakiya da zurfin wili. Ga wanda ke bin hanyoyin Zakirai da ƙauyukanta, idan kamfani ya ba da zaɓi, ƙaramin wili mai taya mai tsayin gefe shi ya fi dacewa. Kuɗin da za a kashe a kan wilin ado, gara a sayi sababbin tayoyi huɗu da safaya mai kyau. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.